Shirun da ke Tsakiyar Minshari

Wallahi sai da na rubuta wannan na goge, na ce a bar mamaci ya huta. Amma bari dai in faɗa.

Shekarun baya ina da wani aboki a Yakasai, tare muke fataucin yadi. Kwatano, Maraɗi, Agadas, babu inda ba mu kwana tare ba. To, shi dai ya kwana, mu sai dai a ce mun kwanta. Bawan Allahn nan minshari yake kamar injin markaɗe. Kuma da salonsa: ya ja, ya ja, sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. Can sai ya zabura da wani irin gurnani, ya ɗora daga inda ya tsaya. An ce ni ma ina taɓawa, amma a gabansa ɗan koyo ne ni.

Ko a majalisa bayan la'asar, ana tsakiyar hira sai ka ga hula ta karkace. Mu ce, "Alhaji an tafi Kwatano ba mota."

Ran nan ciwon kai ya matsa masa, aka auna shi a kemis, aka ce jininsa ya hau sosai. Ya zo mana yana dariya. "Ni? Hawan jini ai ciwon masu tunani ne. Mai barci a zaune ina ya ga tunani?" Majalisa kaf aka ce gaskiya ne. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Minshari ai shaidar kwanciyar hankali ce." Kwalin magani ɗaya ya sha, ya watsar.

A ƙofar masallaci ya faɗi, an idar da azahar, yana laluben takalmi. Baki ya karkace, hannun dama ya saki.

A asibiti wata likita ta tambayi maiɗakinsa yadda yake barci, ina tsaye. Da ta kwatanta mata shirun nan da zaburar, sai likita ta dafa ƙeyarta ta ce, "Hajiya, can ciki nan, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, akwai wurin da ba ya barci. Shi ke gadin numfashi da bugun zuciya. Duk sanda maƙogwaro ya toshe, iska ta yanke, sai ya aika ta jijiyoyi: zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke, kamar an biyo mutum da wuƙa. In abin ya daɗe, ko da rana jiki ba ya sakewa, jini sai ya yi ta hawa."

Ashe abin da muke kira hutu, shaƙewa ce. Zaburar da muke wa dariya kuwa, ransa yake ƙwatowa.

Bai ga azumin shekarar ba. Allah Ya jiƙansa.

Har yau in na ji wani yana minshari a mota, ba ƙarar ce ke damuna ba. Shirun nake jira.

Bayan an tashi daga zaman makoki ne na ba uwargidana labarin abin da likita ta ce. Tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, kai da kake barci, wa ya gaya maka ba ka yin shirun nan?"