Ɗigo mai jan murfi da izu takwas ɗin Baba

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban leƙo nan ba, har wani ya yi min waya yana tambaya ko na ƙaura daga Gwale. Ina nan, ido ne ya tsare ni.

Kun san Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana rubuta Alƙur'ani da hannu irin na mutanenmu na Barno. Izu takwas suka rage. Ni na ɗauki alƙalamin, na kuma ci alwashin miƙa wa Hajiyarmu shi cikakke kafin azumi.

Ina cikin aikin idona na hagu ya yi ja, ko hasken ƙofa ba ya so. Na ce afolo ne, na rambaɗa kwalli. Da abin ya ƙi, matata Falmata ta tasa ni gaba sai asibiti.

Likitar ta ce kumburi ne a can cikin ido. Ta ba ni ɗigo biyu, fari kamar madara da wani mai jan murfi. Ta ce, "Mai jan murfin zai buɗe baƙin idonka, za ka ga dishi-dishi. Kada ka bari."

Dishi-dishi kuwa! Wasali ya riƙa yi min rawa a takarda, na kasa saita alƙalami. Sai maƙwabcina Alhaji Bukar, mai fama da hawan jinin ido, ya ce, "Kai Malam, ni an hana ni duk maganin da ke buɗe ido. Rufa wa kanka asiri." Abin nema ya samu. Na jefa mai jan murfi a aljihun tebur, na koma rubutu.

Da jan idon ya ragu, farin ma na daina.

Bayan sati uku, ina zaune da hantsi, kaina ya sara ta ɓarin hagu kamar ana buga ƙusa. Sai amai. Na kalli ƙwan lantarki na ga bakan gizo ya zagaye shi. Wai ni da hankalina na ce maleriya ce, kwana biyu ina shan ƙarin ruwa a kemis. Yo wa zai ce amai daga ido yake?

Falmata ce ta taɓa idon ta ce, "Malam, wannan ai dutse ne."

Da muka koma asibiti likita ta auna, sai ta ce, "Ina mai jan murfi?" Na sunkuyar da kai.

Ta zana min a takarda. Wai akwai ruwa da ke zagayawa a cikin ido. Kumburi ya manne bakin tagar da yake bi, wato baƙin ido, ruwan ya taru a baya, ya turo gaba har ya toshe magudanar fita. Ɗigon da na ɓoye shi ne mai hana mannewar.

Na ce, "To Alhaji Bukar fa?" Ta ce, "Sunan ciwonku ɗaya, hawan jinin ido, amma sanadi daban." Ta ƙara da cewa farin ɗigon ma yana iya jawo hawan jinin ido, amma dole in sa. Wallahi kaina ya ɗaure. Har yau ban gama ganewa ba, bi kawai nake yi.

Aka ba ni ƙwayar da ke sa yatsu tsikari, aka huda wata 'yar ƙofa a idon da hasken leza. Na ce shi ke nan. Kwana goma kumburi ya sake toshe ta, sai da aka shiga da ni tiyata. Babur ɗina ya tafi a wannan hidima. Na ji tsoro, jama'a, ina kan gadon ina ta tunanin wa zai ƙarasa rubutun Baba.

Yanzu tsakiyar idon na gani, gefensa kuwa likita ta ce ba zai dawo ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata da Falmata da duk wanda ya yi min addu'a. Don Allah, jan ido mai ƙin haske ba na kwalli ba ne. Ciwon kai da amai da dishi-dishi tare, a nufi asibitin ido a ranar. Magani ya dame ka, koma wa wanda ya rubuta shi, ba maƙwabci ba.

Azumi ya zo ya wuce, izu uku na nan ban rubuta ba. Na je ba Hajiya haƙuri, ta shafa gefen fuskata ta hagu, hannun ma ban ga zuwansa ba. Ta ce, "Ubanka izu takwas ya bar maka, bai bar maka wa'adi ba. Ni wa ya ce maka sauri nake yi?"