Baƙin Hayaƙin da Katikis Wada Ya Fassara Mana

Da hantsin ranar Talata, 16 ga watan Satumba, 2025, Ubangiji ya kira bawansa Katikis Wada Istifanus na ƙauyenmu Gidan Barde, a ƙasar Doguwa, bayan jinyar da ta cinye masa damina guda. Ya cika a ɗakinsa, matarsa Mama Hannatu na riƙe da hannunsa. Ya bar 'ya'ya da jikoki, ya kuma bar mana ɗan ƙaramin cocin Katolika wanda da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar gininsa. Ni Saude Ayuba, shugabar zumuntar mata ta wannan coci, na so in rubuta ta'aziyya mai sanyi irin wadda ta dace da mutum mai sanyin hali. Na zauna na gwada, abin ya ƙi. Abin da idona ya gani ranar jana'izarsa ya tsaya mini a rai, ba zan iya yabon mamacin in tsallake shi ba.

Baba Katikis, da kai zan yi magana, domin kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini in rage murya ba.

Fada, limamin cocinmu, yakan zo mana ne jefi-jefi, in hanya ta yi kyau. Sauran lokaci kai ne komai namu. Kai ne mai koyar da masu neman baftisma, kai ne mai jagorar sujadar Lahadi, kai ne mai raba faɗan miji da mata, kai ne kuma mai tsayawa a bakin kabari. A gindin ɗorawar ƙofar coci ka koya mini karatu ina matar aure da goyo, lokacin da wasu ke dariya suna cewa me gwaggon biri za ta yi da biro. Ranar da maciji ya sari maigidana a gonar rake, a kan kekenka ka ɗaure shi da zanena, ka tura shi a ƙafa har bakin titin Tudun Wada. Ya rayu shekaru bayan nan, kuma har ya mutu bai ji ka ambaci wannan rana ba.

Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da ka rataye a reshen ɗorawar nan, kana bugunsa da wata sandar ƙarfe. Ba ka taɓa buga shi maƙwabtanmu Musulmi suna cikin salla ba. Sai ka tsaya da sandar a hannu har ka ji Malam Uzairu, limamin ƙauye, ya yi sallama. Da iska ta yaye rufin masallacinsu, kai ne na farko da aka gani da azara a kafaɗa. Shi ya sa da labarin rasuwarka ya fita, tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidanka rabinsu daga masallaci aka ɗauko.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce Alhamis ɗin nan ta watan Mayu, lokacin da manyan limaman Katolika na duniya suka kulle kansu a Roma don zaɓen sabon Fafaroma. Tun kafin ranar, Ciyaman Barnabas, shugaban kwamitin cocinmu, ya hana kowa sakat. A majalisar mai shayi, a gona, a bakin rijiya, maganarsa ɗaya ce, wai wannan karon namu ne, baƙar fata za a naɗa. Har akuya ya ɗaure ya ce ta walima ce.

Da hantsi samari suka taru a kan waya guda suna kallon wani bututu a kan rufin kwano irin na Turawa a can Roma, inda hayaƙin sanar da zaɓen zai fito. Sai ga hayaƙi ya turnuƙo, baƙi ƙirin. Barnabas ya daka tsalle. A lissafinsa, in an zaɓi Bature a saki fari, in an zaɓi baƙar fata a saki baƙi, kuma babu wanda ya ga aibin wannan lissafi. Ya ruga ya fizgi sandar ƙarfe ya hau dukan ƙararrawa kamar mai korar biri daga gona. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka ɗauko kwanoni suna kiɗa, aka kwanto akuya. Kai kuwa kana can kana sharar gona, ka ji ƙararrawa ba a kan lokacinta ba, ka taho da gudu da tsufanka, ka ɗauka gobara ce.

Da ka gane abin da ake ciki, ba ka yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinka na rawa. Ka zauna a saiwar ɗorawa har numfashinka ya dawo, sannan ka ce:

"Jama'a, ku mai da akuyar nan turke. Hayaƙin nan ba launin mutum yake faɗa ba. In baƙi ne, ba a daidaita ba tukuna, sai an sake zama. In fari ne, baki ya zo ɗaya."

Aka yi cirko-cirko. Barnabas ya ce, "To ka ji, Katikis. Ko a hayaƙi ma, baƙi shi ne wanda bai yi ba."

Da la'asar farin hayaƙi ya fito, aka ce mutumin Amurka ne. Ranar Barnabas ya yi kumfar baki har ya ba ni tausayi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, akwai gaskiya a bakinsa. Ya ce mu ne muke cika coci har a rasa wurin zama, nasu can sun zama kufai. Ya ce mu ne ake ƙona wa ɗakin sujada mu sake ginawa. Ya ce har yaushe za a ce mu duka ɗaya ne, amma kujerar gaba kullum ta wasu ce.

Ba ka ƙaryata shi ba, Baba. Ka ce kai ma kana so ka ga wannan rana da idonka, kuma ka san a ƙasashenmu akwai waɗanda suka isa. Ka ce in har an tsallake wani don fatarsa baƙa ce, to zunubi ne, ko da a Roma aka aikata shi. Amma ka ce in don baƙinsa kawai aka ɗauko shi, to kai ba za ka buga masa ƙararrawa ba. Ka tambaye su, wanda zai ba da kiwon shanunsa, garin su makiyayin yake fara tambaya, ko kuwa ko ya san inda ruwa da ciyawa suke? Sannan ka ba mu labarin da ba ka taɓa bayarwa ba. Ka ce lokacin da aka tura ka birni koyon aikin katikis, wani mai gadi ya tare ka a ƙofar wani babban coci saboda ya gan ka da babbar riga da hula, ya ce Malam, ka ɓata hanya. Sai da ka yi alamar gicciye ka karanta addu'ar Ubangiji a bakin ƙofa kamar ɗan makaranta, kafin ya bar ka ka shiga gidan Ubanka. Ka ce tun daga ranar ka ɗauki alkawari ba za ka taɓa tambayar mutum asalinsa a ƙofar coci ba.

Kowa ya gyaɗa kai. Barnabas ma ya gyaɗa, ina tsaye ina kallonsa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Mutumin da ka daɗe kana shiryawa ya gaje ka kowa ya san shi, Emeka ne, ɗan marigayi Mista Okoro mai shagon magani. A nan Gidan Barde aka yanke masa cibiya. Uwarsa tana kwance a maƙabartarmu, kusa da tawa uwar. Matarsa Rahila 'yar ƙanwar Mama Hannatu ce. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana noma masara kamar kowa, kuma in ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa yana karantawa, tsofaffi kan lumshe ido. Duk daminar da ka yi a kwance, shi ya riƙe sujada, shi ya riƙa juya ka a shimfiɗa. Lahadin ƙarshe da aka tallabo ka zuwa coci, a gaban kowa ka miƙa masa sandar ƙararrawa, ka ce ga ta nan, hannunka ya gaji.

Ranar jana'izarka, an ɗauko akwatinka an ajiye a gindin ɗorawa. Fada na tsaye, Malam Uzairu da mutanensa na zaune a gefe. Emeka ya ɗaga sanda zai buga maka bugun sallama. Sai Barnabas ya ratso jama'a ya riƙe masa hannu, ya zare sandar, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"A'a, Emeka. Wannan aikin 'yan ƙasa ne. Ku baƙi ku tsaya daga baya."

Baba, gawarka ko rufe ta ba a yi ba. Wannan bakin da ya yi wata guda yana zagin Roma a kan wariya, shi ne ya furta wannan magana, kuma ko kunya ba ta kama shi ba. Na duba mazan kwamiti ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ce uffan, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Malam Uzairu ya kau da fuska, kunyar da ta kamata ta kama mu shi ta kama. Emeka ya koma bayan yara ya tsaya, hawaye na bin gemunsa. Tir da wannan rana. Na sha ganin rashin mutunci a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙona mini rai irin wannan ba.

Daga baya muka gane inda aka dosa. Barnabas ɗan ƙanensa yake so a ɗora, yaron da in aka ba shi karatun Lahadi sai ya yi gumi kafin ya kai ƙarshen aya. Ba laifin yaron ba ne, shi ma tura shi ake yi. Fada ya ce ba zai naɗa mana kowa da ƙarfi ba, mu zauna mu kawo masa suna ɗaya da muka yarda da shi. Rahila kuwa ta fara ƙulla kaya. Ta gaya mini in aka tabbatar wa mijinta cewa shi baƙo ne a garin da aka haife shi, za su koma Sabon Garin Kano, domin ba za ta bari 'ya'yanta su tashi suna jin wannan kalma a coci ba.

Lahadin da ta wuce, bayan sujada, mazan kwamiti suka shiga coci suka turo ƙofa, wai su ma suna zaɓe a asirce. Mu mata ba a ko tambaye mu ba, an dai ce mu ɗora tukunya kamar yadda muka saba duk ranar zama. Muka je murhun da ke bayan taga muka zauna. Can sai Mama Hannatu, tana cikin takaba, ta fito daga gida a hankali, tana jan wani abu a ƙasa. Tsohuwar tayar kekenka ce, wannan keken da ya ɗauki maigidana. Ta miƙo mini, ni kuma ban nemi bayani ba. Muka hura wuta, muka ɗora tayar a kai maimakon tukunya.

Hayaƙi ya tashi baƙi wuluk, iska ta kwashe shi ta zuba musu ta taga. Ba a jima ba ƙofa ta buɗe, suka fito suna tari suna share ido. Barnabas ya taso mana yana cewa wane irin hauka ne wannan, ina abinci? Mama Hannatu ce ta amsa, da muryarta da da ƙyar ake ji:

"Ciyaman, ai kai ka fi kowa sanin fassararsa. Maigidana ya koya maka a gaban jama'a. Ba a daidaita ba tukuna."

Wani daga cikin dattawan ya fashe da dariya, sannan ya tuna inda yake ya yi shiru. Biyu daga cikinsu suka ɗauki hulunansu suka ce su ba da su ba, ba za su sa hannu a kan sunan kowa ba sai an kira mata an kira samari. Aka watse ba a kai wa Fada suna ba, kuma ranar kowa a gidansa ya ci abinci.

Ban ce mun yi nasara ba, Baba. Sandar ƙararrawa tana nan a ɗakin Barnabas, ɗorawa ta yi shiru, har Malam Uzairu ya aiko yana tambaya ko lafiya, wai in ya yi sallama sai ya ji kamar an manta da wani abu. Rahila ba ta kwance kayanta ba, amma ba ta kira mota ba. An sa wani zaman nan gaba, mu kuma mun gaya musu keke taya biyu gare shi. Mun kuma tanadi ɗanyen ganyen darbejiya mai farin hayaƙi, domin ranar da aka mayar da sandar cikin hannun da ka saka ta.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Wada hutawa ta har abada, haskenka marar ƙarewa ya haskaka masa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi a ƙofar da ba a tambayar mutum garinsu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Hannatu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Malam Uzairu da dukan maƙwabtan da suka zauna makoki tare da mu. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ina kuma miƙa ta, a gaban kowa, ga ɗansa Emeka, ɗan Gidan Barde.