Shekarar da Kwatarmu Ta Shiga Kasafin Kuɗi

Na haura shekara ashirin ina koyar da ilimin tattalin arziki a makarantar sakandare, kuma babu darasin da na tsana kamar na kasafin kuɗin ƙasa. Yana cikin manhaja, don haka dole nake koyar da shi. Nakan tsaya gaban allo in raba shi gida biyu, kuɗin tafiyar da gwamnati da kuɗin manyan ayyuka, ɗalibai su kwafa cikin natsuwa, ni kuwa ina jin ɗacin abin.

Da ba haka nake ba. Akwai shekarun da nake jiran ranar gabatar da kasafi yadda wasu suke jiran wasan ƙwallo. Da zarar kundin ya fito sai in zauna da shi kwana da kwanaki, in zaɓi shafukan da suka ambaci Kano, in kai shagon buga takardu a Sabon Gari a fitar mini da su. Bayan sallar la'asar in ɗauke su zuwa dakalin ƙofar gidan mai unguwarmu a Kwaciri, inda magidantan lungunmu suke zama, in fassara musu. Suna ce mini Malam, har waɗanda suka girmi mahaifina. Ina jin daɗin wannan zaman fiye da yadda ya kamata, kuma sai da na girma na yarda cewa rabin abin da yake kai ni dakalin nan son a saurare ni ne.

Lungunmu gangare ne. Duk ruwan da ya sauka a saman unguwa ta kwata ɗaya yake bi, tsohuwar kwata ta ƙasa, wadda take karya kwana daidai gindin katangar gida na ƙarshe kafin ta faɗa babbar magudana ta bakin titi. Gidan na wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, wanda ya shafe rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki a Kasuwar Sabon Gari. Baba nake ce masa tun ina rarrafe. Ginin ƙasa ne da ya gada, shi da matarsa da muke kira Inna ne kaɗai suka rage a ciki, 'ya'ya duk sun watse. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya bar rumfar kasuwa ya mayar da aikin ɗakin da yake jikin katangar, teloli suna kawo masa kawunan kekuna har gida.

Tun da na yi wayo na san al'adar lungun: kafin ruwan farko ana yin gayyar yashe kwata. Ranar Lahadi da hantsi kowane gida ya fito da shebur ko diga ko baro, a kwashe yashi da leda da tarkacen da rani ya tara, mata su aiko da kunu da ƙosai. Ba a taɓa tsallake shekara ba. A waccan shekarar ma mun ƙuduri abin da ya fi haka, domin ruwa ya ci gindin katangar Baba har mutum yana iya zura hannu. Aka yi shawara a ɗaure kwanar da bulo da siminti. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ni kuma aka tura ni wurin wani mai sayar da siminti a Sabon Gari, ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ware mana buhuna a gefe, ya ce mu zo mu ɗauka duk ranar da muka shirya.

Ana cikin haka kasafin ya fito. Ina bin shafukan wata hukuma ta tarayya wadda aikinta bai da wata alaƙa da magudanar ruwa, ofishinta ma yana wata jiha mai nisa, na wuce sayen motoci, na wuce gyaran ofisoshi da tafiye-tafiyen ƙaro sani, sai ga layi guda: gina magudanun ruwa a Kwaciri, ƙaramar hukumar Fagge. Na karanta ya fi sau biyar. Ban taɓa ganin sunan unguwarmu a cikin takardar gwamnatin tarayya ba. Na ji kamar sunana na gani.

Da la'asar na karanta musu da Turanci tukuna, don su ji nauyinsa, sannan na fassara. Dakalin ya ɗauki hayaniya. Wani direba ya ce ashe dai sun san muna raye. Mai unguwa ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo duk da ba ya karanta boko. Daga nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce musu a dakatar da maganar siminti. Na yi bayani dalla-dalla, kamar ina aji: idan muka ɗaure kwatar da guminmu, ɗan kwangila zai zo ya tarar da aiki a gama, ya shafa farar ƙasa, ya kafa allo, ya ɗauki hoto, ya karɓi kuɗin ya tafi. Kowa a wurin ya san an taɓa yin haka a wasu unguwanni, don haka maganar ta shiga. Ban tsaya nan ba. Na ce ita kanta gayyar yashewar a ɗage ta, domin idan injiniyoyi suka zo dubawa suka ga kwata fes ruwa yana gudu, za su kai aikin wani lungun. A bar ta a cushe su ga tsananin buƙata da idonsu.

Baba yana gefe a kan buzunsa. Da hayaniya ta lafa sai ya juyo wurina.

"Malam," ya ce, "ita wannan takardar taka, an rubuta ranar da za su zo?"

Na ce ba a rubuta rana a kasafi, amma doka ce, majalisa ta amince, an sa hannu.

"To shi ruwa an sanar da shi?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma raina ya sosu. Na ce masa ya yi haƙuri, abin da bulo ɗari ba zai yi ba kankare na gwamnati zai yi, kuma shi ne zai fi kowa morewa. Ya dube ni ya ce mahaifina ma haka yake, idan ya fara magana sai ka rantse ya riga ya ga gobe. Ya naɗe buzunsa ya shiga gida. Mai unguwa ya yanke cewa a bi shawarar Malam, aka mayar wa kowa abinsa.

Washegari na je na shaida wa mai siminti cewa mun fasa. Da ya ji dalili sai ya ajiye biron da yake hannunsa ya yi ta dariya har da dafa kanta. Ya nuna mini titin da yake gaban shagonsa, ramuka kamar an yi haƙar rijiyoyi, ya ce tun yana zuwa taya mahaifinsa tsaron shago yake jin an sa titin nan a kasafi.

"Haba Malam, kai da ka yi jami'a? Ɗauki simintinku ku gyara wa tsoho gida."

Na amsa masa da cewa wannan karon da bambanci, domin na ga layin da idona. Ya ce shi ma kullum yana ganin jirgin sama da idonsa, amma bai taɓa kai shi ƙauyensu ba. Na fito ina ganin bai fahimci yadda gwamnati take aiki ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, babu injiniya. Na fara zarya ofishin da aka ce na ɗan majalisa mai wakiltarmu ne. Sau biyu na tarar an garƙame ƙofar da kwaɗo. A karo na uku na samu wani mutum mai fara'a yana cin gyaɗa, ya ba ni kujera, ya tabbatar mini cewa aikin yana nan, su ne ma suka sa shi, sai dai ba a saki kuɗin ba tukuna. Na tambayi yaushe za a saki, ya ɗaga hannu sama ya ce sai abin da aka gani.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurina, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ni nake koyar da cewa sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Ni nake gaya wa ɗalibai cewa idan kuɗin shiga ya gaza, bashi ake fara biya, sai albashi da hidimar ofisoshi, abin da ya rage shi manyan ayyuka suke rabawa, kuma irin namu su ne a wutsiya. Na sani sarai. Sai dai ganin sunan Kwaciri a rubuce ya rufe mini ido, kuma da na riga na faɗa a gaban jama'a, komawa in ce a fito da shebur ya yi mini nauyi. Ina wucewa ta ƙofar Baba safe da yamma, ina ganin ruwa ya kwanta kore a gindin katangarsa, ina ganin ya jera buhunan yashi shi kaɗai, sai in gaishe shi in ƙara sauri. Sau ɗaya mai unguwa ya tambaye ni ko a yi gayyar kawai, na ce a ƙara mako biyu.

A cikin waɗannan makonnin ne labari ya cika rediyo cewa sababbin motocin manya sun iso. Ban taɓa jin an ce kuɗin mota ya maƙale ba. Ban taɓa jin an ɗage gyaran gidan wani babba ko tafiyar wata tawaga zuwa ƙasar waje saboda kuɗin shiga ya gaza ba. Kundi ɗaya ne, doka ɗaya ce, sa hannu ɗaya ne, amma wasu layukan alkawari ne da ake cikawa tun kafin tawada ta bushe, wasu kuwa an rubuta su ne kawai don a samu abin nunawa ranar neman ƙuri'a. Waɗanda suke rubuta su sun san wanne ne wanne. Ba kuskure suke yi ba, kuma ba rashin kuɗi ne kaɗai ba. Zaɓi ne suke yi duk shekara, da ido buɗe, a ɗakuna masu sanyi, kan wanda zai jira. Na tsane su saboda wannan, kuma ban ga dalilin da zai sa in sassauta ba.

Amma ba su ne suka hana a yashe kwata ba. Nakan gwada ɗora musu duka laifin, sai lissafin ya ƙi fita.

Katangar ta faɗi wata ranar Talata a tsakiyar damina, bayan azahar. Ina aji aka kira ni. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar da take cushe ta tumbatsa, duk ruwan unguwa ya taru a kwanar. Katanga ta zauna, ta ja ɗakin aikin Baba ta tafi da shi. Allah ya taƙaita, shi yana masallaci ruwa ya tsare shi, Inna kuma tana wani ɗakin. Da na iso na tarar da maza a cikin laka har gwiwa suna tono kawunan kekunan mutane. Shebur da baro da ba su fito ba duk shekara, ranar sun fito. Direban nan ya miƙo mini shebur ba tare da ya dubi fuskata ba.

Sauran ɗakunan ma sun tsage. Magini ya duba ya ce gyara ba zai yi ba, sai dai a rushe a tayar da sabo, abin da Baba bai da halinsa. Babban ɗansa ya zo ya ce su koma wurinsa can bayan gari. Wani Alhaji mai neman wurin gina shaguna ya taya filin, kuma ya san halin da ake ciki, don haka bai taya da daraja ba.

Na je na durƙusa gaban Baba a zauren maƙwabcinsa inda suka fake. Na fara jero abin da na shirya faɗa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce gida dai na Allah ne, kuma shi ma da bakinsa a wurin, da ya dage da an yi gayyar. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin buzu, yarjejeniyar cinikin da lauyan Alhajin ya rubuto da Turanci.

"Ɗana ya koma, kuma gobe za su zo," ya ce. "Karanta mini. Abin da aka rubuta kawai, Malam. Kada ka ƙara mini da naka."

Na karanta masa layi bayan layi, na fassara, ban ƙara ko kalma ba. Akwai wurin da na ga an matse shi a kan wa'adin kwashe kaya, na buɗe baki zan yi magana, sai na rasa da wace fuska zan ba shi shawara. Na dai sake karanta wurin a hankali har sau biyu. Ya gane, ya ce a nemi ƙarin mako guda, aka kuwa ba shi.

Washegari ya rubuta sunansa da ajami a ƙasan takardar. Ana buƙatar shaidu biyu. Mai unguwa ya dangwala yatsa, sannan Baba ya turo mini takardar, na sa hannu a matsayin shaida na biyu cewa gidan da aka haife shi a ciki ya tashi daga hannunsa.