Ranar da Na Sassauta Maganar Azara

Har gobe ba zan manta da ranar Alhamis ɗin da muka kai baƙo gidan Azara a unguwar Handsworth ta Birmingham ba. A lokacin na shekara tara ina aikin tafinta, ina ganin babu sauran abin da za a koya mini. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha tambayata me ya sa nake tsayar da ku a kan kalma ɗaya har sai kun gaji da ni. To, ga mafarin abin.

Ofishinmu ɗan ƙarami ne a unguwar Cheetham Hill, tafiyar jirgin ƙasa daga Birmingham, a saman wani shagon sari da ke sayar da barguna da akwatunan tafiya. Mu biyar ne. Madam Janet ce darakta, sai jami'ai biyu masu bin shari'o'i, sai Danladi mai kula da takardu da amsa waya, sai ni Rahila. Aikinmu shi ne tsaya wa mutanen da aka ɗora wa ƙwaya suka shigo da ita ƙasar nan, aka kama su, daga baya suka yarda su ba da shaida a kan waɗanda suka aiko su. Mu ba 'yan sanda ba ne, ba kuma lauyoyi ba. Mukan raka su wajen lauya da GP, wato likitan unguwa, da council, wato ƙaramar hukuma, sannan mu tabbatar shaidar da suka bayar a nan ta isa hannun masu gabatar da ƙara a ƙasar da aka ɗauko kayan.

Kuɗin aikin ba daga gwamnatin nan yake fitowa ba. Wata ƙaramar ƙasa ce a Turai ke bayarwa, ƙasar da mutanenta duka ba su kai na Birmingham yawa ba. Ni kaina sai da na lalubo ta a taswira. Duk shekara majalisarsu takan ware wani abu ta aika wa wani babban ofishin ƙasa da ƙasa mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka. Ofishin ya rarraba shi ga ayyuka iri-iri, ɗan abin da ya gangaro wajenmu shi ne albashinmu da hayar ofis. Bayan 'yan shekaru sai ƙasar ta turo mutum ya ga aikin da idonsa, ya koma ya rubuta wa majalisar ko a ci gaba ko a tsaya. A wannan karon wani dattijo suka turo daga ma'aikatar harkokin wajensu, ana ce masa Mista Emil. Ya ce ba ya son zama a ofis a nuna masa hotuna, yana son ya ga mutum ɗaya da aikin ya shafa.

Madam Janet ta zaɓi Azara, don a cikin duk waɗanda muka riƙe babu wadda ta miƙe da ƙafarta kamarta. Azara 'yar zangon Kumasi ce, 'yar kasuwar atamfa. Wani mutumin unguwarsu, wanda kowa ke gaishe shi da girmamawa, shi ya nema mata biza, ya saya mata tikiti, ya ba ta akwati ya ce tsaraba ce ta kai wa ƙanwarsa. Ta taɓa gaya mini cewa zuciyarta ta raya mata wani abu, amma ba ta tambaya ba. A filin jirgi aka tsare ta. Ta yi zamanta a kurkuku, ta ba da shaida, aka ɗaure waɗanda suke karɓar kayan a nan. Ta fito, ta sami aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi. Mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu suna can Kumasi.

Ana gobe za mu tafi, Madam Janet ta tsayar da ni a bakin matattakala.

"Rahila, ba cewa na yi ki canja komai ba," in ji ta. "Amma kin san Azara idan ranta ya ɓaci. Kin kuma san abin da ke rataye a kan wannan ziyara."

Na ce na sani. Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi ƙarin bayani ba.

Da safe na baro gida a unguwarmu Whalley Range, muka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Watan Nuwamba ne, ana yayyafi. Mista Emil dogo ne, ba shi da yawan magana, da ɗan littafi a aljihun rigar ruwansa. Daga tashar Birmingham Madam Janet ta so ta tsayar da tasi, ya ce a'a, mu hau bas ɗin da Azara ke hawa. Da muka isa, tun kafin a ce masa komai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Azara ta dafa shinkafa da wake irin ta zango, ta ce ba za a yi magana ba sai baƙo ya ci. Ya ci, barkono ya sa shi hawaye, ta yi dariya ta miƙa masa ruwa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙa'idarsa ba ta da yawa. Tafinta ba ya cewa "ta ce". Idan mai magana ta ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa, ba ka gyara wa mutum harshe. Idan ka yi kuskure, sai ka ɗaga hannu ka ce tafinta na da gyara, ka faɗi daidai a gaban kowa. Na karanta musu wannan ƙa'ida da bakina kafin mu fara, da Turanci da Hausa.

Tambayoyin farko sun tafi lafiya. Ya tambaye ta aikinta, ya tambayi yadda ta sami ɗakin. Sai ya ajiye biro ya ce, "Mutanen ƙasata za su tambaye ni ko wannan aiki ya amfane ki. Me zan gaya musu?"

Azara ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ce musu na gode. Sun samo mini lauya, sun samo mini ɗaki. Amma an karɓi sunan mutumin nan daga bakina, aka aika da shi gida, sannan aka bar uwata a fili a gabansa. Yana nan yana yawonsa. Duk Juma'a sai ya je shagonta ya sayi sabulu ɗaya, ya tambaye ta lafiyar jikokinta, yana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, har da sunan makarantarsu. Sannan ya biya ya tafi. Ni aka taimaka, uwata aka sayar."

Na ji idon Madam Janet a kaina ko da yake ban kalle ta ba. Na buɗe baki, abin da ya fito da Turanci shi ne: "Na gode ƙwarai da lauya da ɗakin da aka samo mini. Amma hankalina ba a kwance yake ba saboda mahaifiyata da ke gida, ina fata za a duba lamarinta."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Shi ya sa ya fito mini da sauƙi. Mista Emil ya gyaɗa kai, ya ɗauki biro zai wuce tambaya ta gaba.

"Anti Rahila." Azara ce, tana kallona kai tsaye. "Ba haka na ce ba. Ina sabulun? Ban ji kin ce sabulu ba."

Na manta cewa matar da ke wuni a ɗakin wanki, ko duk Turancin duniya ya ɓace mata, ba za ta rasa sunan sabulu ba. Kalmar take jira ta ji, don ta tabbatar maganarta ta tsallaka.

Ina iya ce mata na taƙaita ne, a wuce wurin, baƙon ba zai taɓa sani ba. Kunya ta rufe ni. Na ɗaga hannu na ce, "Tafinta na da gyara. Abin da na faɗa ba shi ne abin da ta faɗa ba." Na roƙi Azara ta maimaita a hankali. Ta maimaita, ina bin ta jimla bayan jimla, da Juma'ar, da sabulun, da sunan makarantar. Da na zo kan "uwata aka sayar", na faɗe ta yadda take.

Mista Emil ya ajiye biro. Sannan ya yi tambayoyi gajeru. Tun yaushe mutumin ya fara zuwa? Wa aka gaya wa? Akwai wani sashe na aikin da aka ɗora wa kula da iyalin mai shaida a gida? Madam Janet ce ta amsa ta ƙarshen. Ta ce babu. Kuɗin na tsaya wa mai shaida ne a nan da kuma isar da shaidarsa can, ba a taɓa rubuta iyali a ciki ba.

Azara ta juya gare shi. "Anti, tambaye shi. An ce ƙasarsu 'yar mitsitsiya ce. Me ya haɗa su da mu har suke ba da kuɗi?"

Ya ce irin kayan da aka ɗora mata, wani kashi a titunan garinsu yake ƙarewa, kuɗin da ake samu da shi kuma bankunansu yake nema ya ɓuya. Ya ce ba su da ƙarfin kama kowa a wajen iyakarsu, abin da za su iya kawai shi ne su sa hannu tare da wasu. "A babban taro minti kaɗan ake ba ni in yi magana," in ji shi. "Ba zan iya sa a kama mutumin nan ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abu ɗaya ke hannunmu. Muna da ikon rubuta abin da za a yi da kuɗinmu."

Na juya mata wannan ma, ban ƙara masa daɗi ba. Ta ce, "To, ya rubuta."

A hanyar dawowa mu biyu ne da Madam Janet, shi ya wuce London. Ina jiran faɗa. Sai ta ce, tana kallon taga, "Na san zancen mahaifiyarta. Na rubuta shi a rahotonmu na bara, a shafin ƙarshe, da irin kalmomin da kika fara amfani da su ɗazu." Sannan ta ƙara da cewa, "Babu wanda ya kira ni a kansa. Ni ma ban yi mamaki ba."

A daren ban nemi uzuri ga kaina ba, amma kwanaki na yi ina juya abin. Da farko na ce ai Hausa ta fi Turanci zafi, dole a rage. Na ce ai ba a yi wa baƙo haka bayan ya ci abincin gida. Duk ba su ne ba. Gaskiyar ita ce na tuna albashina, na tuna Danladi da matarsa ke da tsohon ciki, sai na yanke wa Azara hukuncin abin da ya kamata a ji daga bakinta ba tare da na tambaye ta ba.

Amsa ta zo bayan an fita daga sanyi. Ƙasar ta ci gaba da ba da kuɗin, amma da sharaɗi: wani kaso mai kauri zai tafi ga kare iyalan masu ba da shaida a ƙasashensu. Kuɗin bai ƙaru ba, don haka daga namu aka yanka. Aka rage mini kwanakin aiki zuwa biyu a mako. Danladi ya rasa aikinsa gaba ɗaya. Ya koma tuƙin bas, kuma mun daɗe muna haɗuwa a coci gaisuwarmu ba ta wuce ta baki ba. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, ni ma ban taɓa ce masa ba laifina ba ne.

An ɗauke mahaifiyar Azara da yaran zuwa wani gari, amma sai da aka kusa shekara. Kafin nan tsohuwar ta riga ta rufe shagon da ta yi rabin rayuwarta a ciki. Mutumin kuwa, iyakar sanina, ba a kama shi ba. Da Azara ta kira ni ta gaya mini sun tashi lafiya, ba ta yi mini godiya ba, kuma daidai ne. Abin da ta ce shi ne, "Anti, an saka yaran a sabuwar makaranta. Wannan karon ni kaɗai na san sunanta."

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan ba wai gaskiya tana gyara komai ba ne. Kun ji yadda ta ƙare, wasu sun samu, wasu sun rasa. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba ƙarya ce abin tsoro ba, don ƙarya kana jin ta a bakinka kafin ta fita. Abin tsoro shi ne sassautawa, don ita kamar kirki take zuwa maka. Tsakanin majalisar ƙaramar ƙasar nan da shagon tsohuwa a Kumasi akwai hannuwa da yawa, kowane da ofis da rahoto. Idan kowa ya rage wa magana zafi kaɗan don kada ran na sama ya ɓaci, sai ta isa can ta zama gaisuwa, masu ba da kuɗin su yi ta bayarwa da zuciya ɗaya ba su san inda ke ciwo ba. Ni ce na fi kusa da bakin Azara a duk wannan layi, kuma ni na fara ragewa. Idan kuka zauna a tsakanin mutum biyu, ku tuna wanda kuke yi wa tafinta ba shi da wata murya a ɗakin sai taku, kuma maganar da ke bakinku aro ya ba ku ita.