Malamin da ya ƙwace mini kilina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau Lahadi, ƙarfe 6:40 na safe, ƙanin Malam Sabi'u ya kira ni. An kashe Malam.

Jiya bayan la'asar yana dawowa Daura daga Zango a babur, wasu suka tare shi. Sun sare shi a hannu da wuya, suka fizge jakarsa. Ya cika kafin a kai shi asibiti. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan, ban ƙara komai ba.

Tsohuwar laftof ce a jakar. Batirinta ko awa ɗaya ba ya yi.

Shi ya koya mini lissafi a sakandare. A aji mu mata muna kafaɗa da kafaɗa da maza, amma a jarrabawar shiga jami'a, da ake yi a kwamfuta, sai su wuce mu. Wasu suka ce ƙwaƙwalwar mace ce haka. Malam ya zauna ya lura da mu. Mazan ajinmu sun saba da kwamfuta, in tambaya ta gagara su danna su wuce. Mu kuwa mu yi, mu goge, mu sake, har lokaci ya ƙare.

Rannan ya ƙwace mini kilina.

"Rabi, sau uku kina goge amsar da take daidai. Wa ya tsorata ki?"

Tun daga nan duk Asabar yake kai laftof ɗin zuwa Zango, 'yan mata su koyi dannawa kafin jarrabawa.

Ranar Laraba muka haɗu a tasha. Ya ce tunda na gama digiri in zo in taya shi. Na ce zan yi tunani. Ya yi dariya.

"Har yanzu gogewar ake?"

Ban san su wa suka yi ba, ko su nawa ne. Ban san ko sun san abin da ke jakar ba. Ban san ko iyaye za su sake barin yaran su fito ba.

'Yan matan su goma sha ɗaya ne, saura mako uku su zauna jarrabawar. Tsoron hanyar nake ji sosai. Asabar zan je, da tawa laftof ɗin.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya tona asirin waɗanda suka zubar da jininsa. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku sa yaran nan ma.