Kyanwar da ta san ɗakin Kaka

Jama'a, ku ji wannan!

Yau na karɓo kyanwa wurin masu ceton dabbobi. Suka ce a bakin bodar Jibiya suka tsince ta. Ina shiga gida ta kufce, ta miƙe ɗakin kakata, ta haye gado!

Kaka ta ƙura mata ido, ta ce, "'Yar Baƙa?"

Wallahi kyanwar ta amsa!

Na ce, "Kaka, kin san ta?"

Ta ce, "Ta mahaifina ce. Shekarar da Turawa suka yanka iyaka aka baro ta a ƙetare. Ya ce ranar da ta dawo, in shirya."

Yanzu haka Kaka ta buɗe adaka, tana fiddo farin ƙyallen likkafani. Ta hana ni mayar da kyanwar!