Tsohon da Ya Zo Ganin Jiminar Sama

Tun la'asar wani tsoho yake zaune a gefen gidan man da nake aiki, a hanyar garin Bourke, hularsa ta sha rana har ta koɗe. Shayi kawai ya saya, shi ma ya huce a hannunsa. Yanar ido ta rufe masa na hagu fari fat, na daman ma ta fara ci.

Duhu na yi ya taso yana jan ƙafa.

"'Yata, taimaka ki kashe fitilar allon tallan nan, ko na minti ashirin. Ido sai ya saba da duhu yake gani."

"Baba, mai gidan man nan zai ci ni da faɗa."

"Ce masa tsuntsuwa na zo gaisarwa."

Na gane. Jiminar sama yake nufi, baƙar inuwar nan mai siffar jimina da ke kwance a tsakiyar kogin taurarin da ke ratsa sama, wadda tsofaffi ke dubawa su san lokacin ɗiban ƙwan jimina a daji. A garinsu, in ji shi, fitilun mahaƙar kwal sun haɗiye ta, shekara tara ke nan. Ina jin kakarsa ce ta nuna masa ita, shi kuwa bai samu wanda zai nuna wa ba.

Na kashe. Sama ta cika maƙil da taurari, ga jimina ɓaro-ɓaro, wuya a miƙe. Ya ɗaga kai, yana ta laluben sama da ido.

"Har yanzu ba ta fito ba ko?"

"Da saura, Baba," na ce.

Na bar fitilar a kashe.